Mu daina rarraba makin tafiyarmu



Da yawa daga cikinmu, musamman 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal, muna tashi ta Kano ko Abuja zuwa Alkahira, Istanbul ko ƙasar Sin saro kaya, amma kuɗin ƙarin kaya na cinye ribarmu.

Ethiopian Airlines, EgyptAir da Turkish Airlines duk 'yan ƙawance ɗaya ne, Star Alliance. Wanda makinsa ya kai matakin Gold na ƙawancen a katin ɗayansu, sauran ma za su ba shi gata: ƙarin jaka ɗaya ko kilo 20 a yawancin tikitoci, ɗakin hutawa, da shiga jirgi da wuri. Kuskurenmu shi ne yau katin ShebaMiles, gobe na EgyptAir Plus, a ƙarshe babu wanda ya cika.

Ra'ayinmu, kowa ya riƙe kati ɗaya, ya tabbatar ejan ya sa lambarsa tun wajen yankar tikiti, kuma sunan ya dace da na fasfo. Masu zuwa Umara su lura, Saudia tana ƙawancen SkyTeam ne, makinta ba ya shiga wancan katin.

Allah Ya sa albarka a nema.

Sakatare