Wayar da ke aljihunka ta isa nuna hanya

A Kongolam, bakin iyakarmu da Nijar a ƙaramar hukumar Mai'adua, mai neman na'urar GPS don auna gona ko gane hanyar daji bai kamata ya zuba kuɗi a kan ta kamfanin Garmin ba. Wayar Android mai araha tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam iri ɗaya, kuma tun watan Mayun 2000 da Amurka ta daina rage wa farar hula ingancin saƙon, kuskuren ya dawo 'yan mitoci.

Za a ce sabis yana yankewa a kan hanyar Damagaram. To, GPS ba ruwansa da sabis. A sauke taswira a waya tun a Daura, shi ke nan. Ƙorafin batir ya fi ƙarfi, don Garmin na cin batirin rediyo da ake samu ko'ina, amma ƙaramar sola ta cajin waya ta fi Garmin sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Rikicin iyakar gona kam, ba waya ba Garmin, aikin safiyo ne da dagaci.