ZAUREN IYAYE: Mai Bi Zai Iya Aikin Lauya?

A watan jiya mun duba aikin jinya. Wannan karo kuwa wani uba ne ya tare mu a bakin majami'a bayan sujada, ya ce, "Malam, yaron nan nawa ya kafe sai ya zama lauya. Ni kuwa tsoro nake ji, gama an ce aikinsu lauya magana ne kawai. Mai bi zai iya wannan aiki?" Muka ce ya ba mu lokaci. Ana nan sai ga wasiƙa daga wata tsohuwar ɗalibarmu wadda take koyon aikin a wani ofishin lauyoyi a Landan, a sashen da yake kula da ƙararraki. Bari mu duba zamanta tukuna, sa'an nan mu amsa.

A Ingila lauyoyi iri biyu ne. Barista shi ne aka fi sani da tsayawa gaban alƙali a manyan kotuna. Solisita kuwa shi ne wanda mai ƙara yake fara zuwa wurinsa, shi yake shirya ƙarar tun daga tushe. A Nijeriya mutum ɗaya yakan zama duka biyu bayan ya gama Makarantar Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962. Mai son zama solisita a Ingila sai ya yi shekara 2 yana aiki a ƙarƙashin manya. Bisa ga al'ada akan raba shekarun kashi 4, wata 6 a kowane sashe. A 2021 aka fito da sabuwar jarrabawa, amma shekara biyun nan na aiki suna nan.

To, me ɗan koyo yake yi? Yawancin aikinsa takardu ne. Shi yake tattara takardun da za a kai kotu, ya jera su bi da bi, ya sa lamba a kowane shafi, domin in barista ya ce a buɗe shafi na 300, alƙali da mai ba da shaida su ga abu ɗaya. Yakan zauna shiru yana rubutu sa'ad da manya suke magana da mai ƙara. Yakan binciko hukuncin da aka yanke a dā cikin irin wannan shari'a. Lokacinsa ma a ƙididdige yake, gama ofisoshi da yawa sukan rubuta abin da aka yi cikin kowane minti 6, da shi ake lissafin kuɗin aiki. Ga kuma wa'adi. Ƙarar karya yarjejeniya, shekara 6 doka ta bayar, ta rauni kuwa shekara 3. In aka makara da kwana ɗaya, mai yiwuwa ne hakkin mutum ya salwanta.

Amma ga inda gizo yake saƙa. Bisa ga dokokin shari'a da suka fara aiki a 1999, a manyan ƙararraki akan wajabta wa kowane gefe ya nuna wa abokin shari'arsa takardun da suka shafi maganar, har da waɗanda za su cuci nasa gefen. Shawarar da ke tsakanin mutum da lauyansa tana cikin 'yan abubuwan da aka keɓe. Wa yake zama ya karanta dubban wasiƙun nan ɗaya ɗaya? Ɗan koyo ne.

Ɗalibarmu ta ce wata rana da dare, kowa ya tashi, ta iske wata gajeriyar wasiƙa wadda ta nuna mutumin da suke wa aiki ya san kayansa suna da aibu tun kafin ya sayar. Da ta wuce ta, da wuya wani ya sani. Ta ce zuciyarta ta yi ta kai da kawowa. Da safe ta kai wa shugabanta. Aka nuna wasiƙar, aka sasanta ba a je gaban alƙali ba, mutumin ya biya fiye da yadda ya so, bai kuwa gode mata ba.

Ta ƙara da cewa abin da aka fara koya musu shi ne, in ka yi kuskure, faɗa nan da nan. Kotun da take horon solisitoci ta sha soke sunan matasa daga aikin saboda sun ɓoye kuskure da ƙarya, alhali kuskuren kansa mai gyaruwa ne.

Yanzu ga amsarmu ga wannan uba. I, mai bi zai iya. Bulus ma ya ambaci wani masanin shari'a mai suna Zinas cikin Titus 3:13, ya ce a taimake shi. Sulhu tun kafin a kai gaban alƙali kuwa, Ubangijinmu da kansa ya koyar da shi cikin Matiyu 5:25. Sai dai jarabar aikin tana da ƙarfi, takan kuma zo a lokacin da ba mai gani.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In yaro ya fasa tulu ya zo ya faɗa, muka rufe shi da duka, mun koya masa gobe ya ɓoye. Mu malamai ma muna da laifi a nan, gama mukan yabi mai maki da yawa, mu manta da wanda ya ce, "Malam, ka ƙara mini maki bisa kuskure." Ku karanta Luka 16:10 tare da 'ya'yanku a sujadar gida wannan mako, ku tambaye su abin da za su yi da wasiƙar nan.

Mu kuma riƙa tunawa da 'ya'yanmu da suke wannan aiki cikin addu'a. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba aikin gona.