Gyara Kayanka: Dogon Ƙarfe Mai Rawa Da Iska

A wannan wata za mu tattauna ne a kan dogayen ƙarafan da muke kafawa a gidaje da masallatai, tun daga Madagaska har Briqueterie. Tun da talabijin ya shigo Kamaru a 1985 muka fara kafa bututun eriya, daga baya na lasifika da na fitilar sola suka biyo. Duk wanda ya ɗaga kai sa'ad da hadarin watan Maris ya taso a nan Yawunde, ya ga yadda suke rangaji kamar karan dawa. A ƙarƙashinsu kuwa akwai kwanon maƙwabta, da wayoyin lantarki, da yaranmu masu zuwa makarantar allo.

Kada mu raina wannan rawa. Kowa ya san idan aka yi ta lanƙwasa waya gaba da baya, a ƙarshe karyewa take yi. Haka waldar gindin ƙarfe take gajiya a hankali, har ran da za ta saki. Iska kuma idan gudunta ya ninka, ƙarfin turinta ninkawa yake yi sau 4.

Babban mai laifi shi ne tsawo. Idan muka ɗauki bututu iri ɗaya, muka ɗora lasifika ɗaya, to mai mita 6 zai yi rawa sau 8 ta mai mita 3. Saboda haka tambayar farko ita ce: muna bukatar duk wannan tsawo? Idan akwai bangon siminti mai ƙwari a kusa, a ɗaure ƙarfen a jikinsa wuri biyu, sama da ƙasa, domin abin da ya zarce maɗaurin sama shi kaɗai ke rawa.

Na biyu, wajen sayen bututu a kasuwa, faɗinsa ya fi kaurin jikinsa amfani. Idan aka ninka kauri, tsayuwarsa ta ninka sau 2 ne kawai, amma idan aka ninka faɗi, sai ta kai wajen sau 8.

Na uku, wanda ya fi araha, shi ne wayoyin ɗauri. A ɗaura guda 3 a wajen kashi biyu bisa uku na tsawon ƙarfen, a raba su daidai kamar duwatsun murhu, a kafe kowace a nesa da gindi, aƙalla rabin tsawon. Biyu ba sa isa, don iska ba ta zuwa ta gefe ɗaya. A ja su su miƙe, ba har su lanƙwasa ƙarfen ba, kuma kada su kusanci wayar lantarki.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Gidajenmu a matse suke, sau da yawa waya ta uku a bangon maƙwabci za ta sauka. Sai a yi sallama, a nemi izini, a nuna masa cewa kwanonsa ne ake tsarewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, kafin ruwan Satumba ya sauka, mu duba gindi. Nan ruwa ke kwanciya, nan tsatsa ke ci. A kankare, a shafa fenti, a ɗaga siminti ya yi tudu don ruwa ya gangare, a kuma toshe bakin bututun daga sama. In aka ga tsaga a walda, a sauke ƙarfen a kira mai walda, kada a jira Juma'a. Kwamitocin masallatanmu muna roƙonsu su fara da nasu, don rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu. Sai mun sadu a wata mai zuwa. Wassalam.