Hoton ƙwaƙwalwa da na'ura mai ƙwaƙwalwa: ina rabon Madawa, Buza da Kaita?

Idan shanyewar ɓarin jiki ta kama mutum, abu biyu ne ke iya faruwa a kansa: ko jijiya ta toshe, ko kuma ta fashe jini ya zuba. Maganin da ke narkar da toshewa yana iya kashe wanda jijiyarsa ta fashe. Don haka likita ba ya ba da shi sai ya ga hoton ƙwaƙwalwa, kuma galibi a cikin awa 4 da rabi na farko.

Na'urar sikana, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro, an fara ɗaukar hoton kan majinyaci da ita a Landan a 1971. Yau kwamfuta ba ta tsaya ga harhaɗa hoton ba, har karanta shi take yi. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da manhajar Viz.ai, wadda ke gano alamar toshewar babbar jijiya, ta sanar da likita cikin mintoci. A Malawi kuwa, binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna, ta hoton MRI, cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kashe yara da yawa masu zazzaɓin cizon sauro mai taɓa kai. Wannan cuta iyayen Madawa sun san ta duk damina.

To, amma ina gizo ke saƙar? Kwamfuta ba ta karanta hoton da ba a ɗauka ba. Majinyacin ƙauyen Buza ko Kaita sai ya biya ta asibitin gunduma, a tura shi Tawa, wani lokaci har Yamai, tafiyar wajen kilomita 500 daga Madawa. Kafin ya isa, awowin ceto sun wuce. Ga matsalar lantarki da ƙarancin ƙwararru. Bugu da ƙari, yawancin manhajojin nan da hotunan majinyatan ƙasashe masu arziki aka horar da su. Wajibi ne a jarraba su a kan mutanenmu tukuna.

Amfaninsu na zahiri a nan shi ne, inda aka ɗauki hoto babu ƙwararre kusa, a aika shi ta intanet, kwamfuta ta ware na gaggawa, likita ya yanke hukunci.

Aikin hukumomi ke nan: na'ura, wuta, motar ɗaukar majinyata da horar da ma'aikata. Na jama'a kuma shi ne auna hawan jini a kai a kai, da garzayawa asibiti da zarar baki ya karkace, hannu ya mutu ko magana ta sarƙe. Rigakafi ya fi magani.