LAFIYA UWAR JIKI: Lambar Da Ke Kan Katin Jariri

A wannan mako za mu leƙa wani ofis da masu jinya ba su cika sanin da zamansa ba, watau sashen ajiye katunan marasa lafiya. Duk babban asibiti yana da shi, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Idan aka sallami jariri, ko Allah ya karɓi abinsa, can ake mai da katinsa, ma'aikaci ya karanta abin da likita ya rubuta, ya ba cutar lamba.

Lambobin nan suna cikin kundin Ƙungiyar Lafiya ta Duniya da ake kira ICD. Asalinsa jerin sanadin mutuwa ne da wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya tsara a 1893. An amince da bugu na 10 a 1990, na 11 kuma ya fara aiki a Janairun 2022. A bugu na 10, idan ƙwayoyin cuta na bakteriya suka shiga jinin jariri sabon haihuwa, lambar ita ce P36. Ciwon cibiya P38 ne, sandarewar jarirai kuwa A33.

To, ita P36 tana da 'ya'ya. P36.2 ta ƙwayar Staphylococcus aureus ce, P36.4 ta E. coli, P36.8 ta sauran ƙwayoyin da ba a ware musu gurbi ba. Ta ƙarshe, P36.9, ma'anarta an tabbata jini ya kamu, amma ba a faɗi ƙwayar da ta kama shi ba.

A nan maganar take. Ba a gane ƙwaya sai an ɗebi jinin jariri tun kafin a fara allura, an kai ɗakin gwaji an rene ta kwana biyu ko fiye. Wannan yana bukatar kuɗi, da wutar lantarki, da na'urori masu aiki. Mutanen Yerwa ba su manta da Satumban 2024 ba, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har Asibitin Koyarwa ya lalata kayan aiki. Duk inda gwaji ya gagara, ma'aikaci ba shi da abin rubutawa sai P36.9.

Me wannan zai jawo? Da waɗannan lambobi hukuma ke ƙidaya cututtuka, da su ya kamata ta san maganin da za ta saya. Wani babban bincike mai suna BARNARDS, wanda Asibitin Murtala na Kano yake cikinsa, aka buga sakamakonsa a 2021, ya nuna ƙwayar Klebsiella tana sahun gaba wajen kama jinin jarirai, kuma sau da yawa ba ta jin alluran da aka saba farawa da su. Alhali kuwa ba ta da lambar kanta a P36, sai dai a cusa ta cikin P36.8. Idan ma ba a yi gwajin ba, ta ɓace ke nan. Rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai kuma jariran da ba su samu ko katin ba. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa cika wata guda. Da yawansu a gida suke rasuwa tun kafin suna, a ce iska ce ko maita.

Saboda haka muna roƙon likitoci su rubuta sunan ƙwaya ɓaro-ɓaro idan sakamako ya fito. Hukumomi su sauƙaƙa kuɗin gwajin jinin jarirai, su kuma horar da masu ba da lamba. Ku kuwa iyaye, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A daina shafa toka ko man goge baki a cibiya, a nemi maganin kulohezidin. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yake numfashi da sauri, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira wayewar gari.

Allah ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa.