Tsakanin Hadari da Haɗari

A makon jiya na ziyarci wata makarantar firamare inda wani tsohon abokina yake koyarwa, na tarar da 'yan aji biyar a ɗakin kwamfuta, uku uku a gaban kowace na'ura, an umarce su da su rubuta labarin ruwan ranar Talata, wanda iskarsa ta yaye kwanon ajujuwa biyu. Na tsaya bayan wata yarinya da ke bugawa da yatsa ɗaya, sai na ga ta rubuta cewa hadari ya taso daga gabas, mutanen unguwa suka shiga hadari. Na tambaye ta ko kalmomin nan biyu ɗaya ne. Ta ce, "A'a Malam, ta biyun tana da ƙugiya, amma injin ne ba shi da ita."

To, injin kam yana da ita, illa dai ba a taɓa saita masa Hausa ba, alhali wayar da ke aljihun malamin ma, in an sa mata Gboard, tana fitar da ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wahala ba. Tun a shekarun 1930 haruffan nan suka shiga rubutun boko, zamanin da ɗab'i yake aikin dalma da gumi, zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Abin kunya ne ƙwarai a ce abin da magabata suka tsayar da ƙa'idarsa cikin ƙarancin kayan aiki, mu da muka sami sauƙi mu ne za mu watsar, har yaro ya girma bai bambance fada da faɗa ba a rubuce. Wanda ya yi makarantar allo ya sani, a rubutunmu na Warshu ɗigo guda ne ke raba fa da ƙaf, na fa a ƙasa na ƙaf a bisa, kuma babu alaramman da zai ga an sauya masa wuri ya yi shiru.

Ra'ayina shi ne, darasin da na gani ya fi abin da aka saba nesa ba kusa ba, wato a zana kwamfuta a allo da alli, yara su haddace sunayen sassanta kamar tilawa, sa'an nan su tarar da ita gaba da gaba ran jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Domin yaron da aka ce ya siffanta yadda gari ya yi duhu, tsawa ta faɗi, katangar ƙasa ta jiƙe ta zube, lalle cikin awa guda zai yi insha'i, ya gyara rubutu, ya karanta na abokinsa, kuma ya yi tunani a kan abin da ya kamata a yi in ruwa ya shigo gida da dare. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin ilmi ba ne ga duk wanda ya tuna daren 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, me zai hana a buɗe wa yara shi su karanta, su mayar da shi Hausar da iyayensu za su ji?

Na san za a ce babu wuta, na'urorin ma sun tsufa, kuma ban musa ba. Abokina dai ya saita Hausa a na'urar yarinyar, ta sa ƙugiyarta tana murmushi, tana cikin gyara kalmar ƙanƙara aka ɗauke wuta, ba ta kai ga adana aikin ba.