Farashin Bara, Shukar Bana

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista, sai wata shawara guda ta karaɗe gidaje da majalisu: yaro ya nemi fannin da ke da kasuwa. Iyaye suna faɗinta, malamai suna nanata ta, masu hasashen ayyukan gobe kuma suna yi mata ado da alƙaluma. Ni kuwa ina ganin wannan shawara, duk da kyakkyawar niyyar masu ba da ita, caca ce da rayuwar ɗalibi, kuma ya kamata a daina kiranta hangen nesa.

Manomin rani na Kadawa ya fi kowa sanin illarta. Idan tumatir ya yi tsada bara, bana kowa sai ya dasa tumatir. Ranar da kaya suka nuna lokaci guda, kwanduna su cika kasuwar Kwanar Gafan, farashi ya karye, wani ko kuɗin taki ba zai mayar ba. Shi manomi 'yan watanni yake jira, in ya faɗi ya sake shuka wani abu. Ɗalibi kuwa shekara huɗu zuwa shida yake yi, ban da shekarar bautar ƙasa, ban da yajin aikin malaman jami'a irin wanda ya ci wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Wane mai hasashe ne ya san farashin shekara bakwai masu zuwa?

An sha gwada wannan caca, an sha faɗuwa. A wani zamani aikin banki shi ne burin kowane matashi, har aka yi ta rububin karatun harkar banki da kuɗi. A 2005 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Charles Soludo, ya sa bankuna suka haɗe, guda 89 suka koma 25. Daga nan hankali ya koma kan man fetur. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100. A Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30, kamfanonin mai suka shiga sallamar ma'aikata tun waɗanda suka shiga jami'a domin su ba su gama ba. Sai aka ce to, kwamfuta ce mafita. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta ya sallami ma'aikata 11,000, a Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000. A wancan Nuwamban ne aka fito da ChatGPT, na'urar da ke rubuta irin manhajar da ake ba sabon ma'aikaci ya rubuta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fannoni, a zamaninsa, an rantse cewa ba ya faɗuwa.

Asarar ba ta tsaya kan ɗalibi ba. Idan aka ce wasu fannoni ne kaɗai ke da daraja, sauran sai su zama juji. Haka muka mayar da karatun koyarwa: wanda makinsa bai kai na likitanci ko lauya ba, a tura shi can ya lallaɓa, yana karatu yana jin kunyar faɗin abin da yake karantawa. Sakamakon ya bayyana a jihar Kaduna a 2017, inda malaman firamare fiye da 21,000 cikin kimanin 33,000 suka kasa kai makin da aka gindaya a jarrabawar 'yan aji huɗu. Ana iya yin gardama kan yadda aka gudanar da jarrabawar, amma tambayar da ta bari tana nan: likitan da muke mafarki, a hannun wa zai koyi lissafi?

Ka dubi kuma yadda ake yi wa mai karatun Hausa dariya, ana tambayarsa ko a gida bai iya ba. Alhali BBC tana watsa shiri da Hausa tun 1957, gidajen rediyon Jamus da Amurka da Faransa duk sun buɗe sashen Hausa, kamfanonin fasaha kuma sun shigar da harshen cikin na'urorin fassara. Babu mai hasashen da ya taɓa sa wannan fanni cikin jerin masu kasuwa.

Na san abin da za a ce mini: mai ƙoshi ne ke zaɓen abinci. Uban da ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya ga amfanin kuɗinsa. Wannan gaskiya ce, kuma saboda ita ce nake wannan jayayya. Ɗan mai hali in ya karanta abin da bai karɓe shi ba, yana da wanda zai ɗaga masa waya. Ɗan talaka ba shi da abin nunawa sai ƙwarewarsa. In aka tilasta masa injiniyanci alhali lissafi yana ba shi wuya, zai fito da sakamako mai rauni, ya shiga layi ɗaya da dubban da suka fi shi. Da an bar shi a fannin da ƙwaƙwalwarsa ke kamawa, da yana cikin na gaba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Saboda haka, kafin a tambayi kasuwa, a fara tambayar yaro da malamansa: a wane darasi yake fice, wanne yake yi ba tare da an tsaya a kansa ba? A kan wannan za a gina zaɓi. Daga nan a dubi kasuwa don sanin abin da zai haɗa da shi, walau sarrafa kwamfuta, ko wani harshe, ko sana'ar hannu da zai koya lokacin hutu. Irin waɗannan ana iya sauya su cikin watanni idan kasuwa ta juya. Shekarun digiri kuwa, in sun tafi a fannin da ba nasa ba, babu mai mayar masa da su.